list_del yana kashe mini karnel, kuma ban gane container_of ba

ɗan_lakkwal_Yamai:
Salamu alaikum ƴan uwa. Kwana uku ke nan ina fama da wani ɗan modil, wato ƙaramin programi da ake loda wa karnel, zuciyar Linux, da nake rubutawa, ina aje abubuwa cikin jeri mai sarƙa da makro ɗin include/linux/list.h tunda an ce kar mutum ya ƙirƙiro nashi. Sakawa da list_add_tail lahiya lau, amma da na zo sharewa, ina zagayawa da list_for_each_entry ina list_del don cire shi daga jerin sannan kfree don mayar da memwar ɗinshi, sai injin ya sandare, dmesg, inda ake ganin saƙonnin karnel, ya cika da rubutu har da wani dead000000000100. Jiya har ƙarhe biyu na dare ina kai, kuran ya ɗauke batir ya mutu na haƙura. Abin da ma ya fi ɗaure mini kai, struct list_head ba komi ciki sai next da prev, to ina kayan suke? Mu a lakkwal an koya mana kowane ƙulli da kayanshi a cikinshi.

tsoho_na_Tawa:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ka taɓa ganin ayarin raƙuma masu ɗauko gishiri? Igiya ba ta ɗaukar kaya, raƙumi ke ɗauka, ita dai tana ɗaure wannan da wancan. To list_head igiyar ce, kai ka saka ta cikin struct ɗinka, shi ya sa igiya iri guda ta ishi karnel duka, task_struct, mai riƙe bayanan kowane aiki da ke gudana, ma da ita aka ɗaure shi. Jerin kuma da'ira ne, na ƙarshe yana komawa kan shugaban jerin, babu NULL da za ka ta dubawa.

Yanzu in igiya ce a hannunka ya za ka kama raƙumin? Nan container_of ke shigowa, list_entry ma shi ne aka canza mishi riga. Ce struct ɗinka yana da long biyu sannan list_head, a injin 64 bit igiyar tana nesa da farko da bayt 16, offsetof ke ba da wannan lissahin tun lokacin kompilasiyo. In pwantar igiyar, wato adireshinta cikin memwar, 0x1010 ne, a cire 0x10, ga struct ɗinka a 0x1000. Ragi ne kawai wallahi, ba tsafi.

hajiya_pwantar:
Malam ya ba ka karatu amma bai kashe maka gobarar ba. Wannan dead ɗin da ka gani LIST_POISON1 ne, list_del da kanshi ke zuba shi cikin next da gangan don duk wanda ya sake taɓa abin da aka cire ya faɗi nan take, kai kuma zagayenka yana komawa ya tambayi wanda ka cire wa ke biye da shi, alhali ka ma riga ka yi mishi kfree. Sa list_for_each_entry_safe, ka ba shi pwantar na biyu ya aje na gaba tun kahin ka share. Amma kar sunan ya ruɗe ka, ba makulli ba ne, in wani ɓangare na taɓa jerin lokaci guda sai ka sa makulli, spinlock ko mutex. Kuma don Allah ka dinga gwaji cikin QEMU, mai kwaikwayon ordinatar, ba kan ordinatarka kai tsaye ba.

mai_gardama227:
Ni hwa makro ɗin nan ina amfani da su amma ban yarda da su ɗari bisa ɗari ba. In ka miƙa wa list_entry struct ɗin da ba nashi ba, in dai yana da list_head gcc, mai kompilasiyo, shiru zai yi. Kuma in zagaye ya ƙare ba a samu komi ba pwantar ba NULL ba ne, yana nuna wani wuri na bogi kusa da shugaban jerin, a 2022 Jakob Koschel ya tono wuraren da aka yi wannan kuskure cikin karnel, maganar ta kai Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, ya yarda a bar tsohon tsarin yaren C, C89, a koma C11 a Linux 5.18. Jerin tsarin BSD, TAILQ na queue.h, ya fi kwanta mini tunda pwantar ya san irin struct ɗinshi.

ɗan_lakkwal_Yamai:
Hajiya Allah ya saka da alheri, na sa _safe, na cire modil ɗin da rmmod sau biyar bai faɗi ba. Baba na Tawa na zana raƙuman cikin kaye, sai yanzu ya zauna. Saura makulli, timer ɗina ma yana taɓa jerin, spinlock ke nan ko?

hajiya_pwantar:
I, spin_lock_bh a ɓangaren da ba timer ba. Mutex na iya barci, cikin timer haramun ne.