Wa ke yanke kuɗin wuta a Legas, wa kuma ke duba awannin da aka yi alkawari?

Mai ƙanƙara, Agege: Assalamu alaikum. An sa layinmu a rukunin A, wanda aka ce yana samun wuta aƙalla awa 20 a rana, amma sau da yawa firizata tana kwana a kashe, ƙanƙara ta narke, ga yunit yana ƙarewa kamar ruwa a kwando. Shin kamfanin raba wuta ne ke ƙayyade farashi da kansa, ko akwai hukumar da ke sa masa ido?

Tsohon ma'aikacin wuta: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Kamfani ba ya yanke farashi da kansa. Tun da aka sayar da kamfanonin rarraba wuta 11 a shekarar 2013, hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, wato NERC, ce ta riƙa amincewa da farashi, kuma ita ta ɗaga na rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, kafin a ɗan sassauta shi. Dalilinta shi ne yawancin tashoshinmu, irin su Egbin da ke Ikorodu, da iskar gas suke aiki, ana lissafin kuɗin gas da dala, darajar naira kuwa ta faɗi, gwamnati kuma ta janye tallafi daga wannan rukuni. Sai dai ƙa'idar ta ce layin da ya kasa cika awanninsa kwana bakwai a jere a saukar da shi zuwa rukunin ƙasa.

Ɗan kasuwar Mile 12: Malam, ai matsalar ke nan. Ƙarin kuɗi yana fara aiki nan take, saukar da layi kuwa sai mutane sun yi ta zarya. Hukumar da ta iya lissafin dala ya kamata ta iya lissafin awanni.

Tsohon ma'aikacin wuta: Gaskiyarka, Alhaji. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon kula da kasuwar wutarsu, Legas ta kafa hukumarta mai suna LASERC, wadda ta karɓi aikin sa ido kan kamfanonin raba wuta a jihar daga hannun NERC. Hajiya, ku haɗu da maƙwabtan layinku ku riƙa rubuta lokacin kawowa da ɗaukewa kullum, ku fara kai ƙorafi ga kamfanin a rubuce, ku ajiye kwafi, idan bai amsa ba sai ku wuce hukumar LASERC da shaidarku.