Me ke hana ƙwayoyin tushen maniyyi ƙarewa a marainan ɓera?

Ɗalibar digiri na biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Wata uku ke nan ina yanka marainan ɓera sirara-sirara, ina rina su, ina dubawa a maikuroskob, kuma akwai abin da ya tsaya min a rai.

Idan aka yanka bututun da maniyyi ke samuwa a cikinsa a gicciye, kamar zobe yake fitowa. Can jikin bango ƙwayoyin farko ne zaune, layi ɗaya tak. Da ka matso ciki sai manyan ƙwayoyi masu curarriyar tsakiya, sai ƙanana zagayayyu, a tsakiyar zoben kuma ga wutsiyoyi nan sun yi cunkus kamar gashi. Duk abin da ke tsakiya daga bangon nan ya taso, cikin kwana 35 ko kusa da haka.

To ga abin da ke damuna. Ƙwayoyin tushen da ke bangon, wato irin da duk sauran ke fitowa daga gare su, ba su da yawa, a lissafin da aka saba kawowa kamar 35,000 ne a ƙwan maraina guda. Amma ɓera namiji yana ta fitar da maniyyi har ya tsufa. Da a ce duk wadda ta rabu tafiya take yi ta zama maniyyi, ai da irin ya ƙare tun da wuri. Wa ke ce wa wannan "zauna", ya ce wa waccan "tashi"? Na haddace sunaye, GDNF, PLZF, KIT, STRA8, amma har yanzu haruffa ne kawai a kaina, ban ga yadda suke haɗuwa ba. Don Allah a taimaka min.

Tsohon malamin ilimin halittu ya amsa:

Wa alaikumus salam, 'yata. Ki koma kan yankan naki, ki nemi dogayen ƙwayoyin nan da suka taso daga bango har tsakiya, waɗanda sauran ke lafe a jikinsu. Su ne ƙwayoyin Sertoli, da sunan Enrico Sertoli ɗan Italiya wanda ya bayyana su a 1865. Kalmar "zauna" daga bakinsu take fitowa, ita ce furotin ɗin GDNF. Ƙwayar tushe tana da kunnuwan jin wannan saƙo a fatarta, GFRA1 da RET suna aiki tare.

A shekarar 2000 masu bincike a Helsinki ta ƙasar Finlan suka nuna abin ƙarara. Ɓeran da aka rage masa GDNF, yana girma ƙwayoyin tushensa suna raguwa, har wasu bututun su koma ba kowa sai Sertoli. Wanda aka sa ya riƙa fitar da shi fiye da kima kuma, ƙwayoyin sun taru curi-curi sun ƙi ci gaba, ba maniyyi, da tsufa ma ƙari ya fito. Kin ga ke nan awo ne, in ya gaza matsala, in ya zarce matsala.

Furotin ɗin PLZF shi a cikin ƙwayar tushen yake, yana danne ƙwayoyin gadon da ke sa ta tashi, ciki har da KIT. A 2004 aka gano cewa ɓerayen nan da ake kira luxoid shi ne ya lalace musu: suna fara yin maniyyi, sai bututun su yi ta zama fanko domin ba a ajiye iri ba.

Ki riƙe wani abu kuma. Da ido ba a rantsuwa cewa wannan ƙwayar tushe ce. Hujja ita ce dashe, dabarar da Ralph Brinster na Jami'ar Fensilbeniya ya kawo a 1994: a zuba ƙwayoyin cikin bututun ɓeran da ba shi da nasa, in sun kama sun soma ba da maniyyi, to su ne.

Mai kula da ɓerayen ɗakin gwaji ta amsa:

Malam ya gama magana kan "zauna". Ni bari in taɓa "tashi", domin na gani da idona. Shi ne asid ɗin retinoyik, wanda jiki ke samarwa daga bitamin A. Mun taɓa riƙe ɓeraye ba tare da bitamin A ba na tsawon makonni. Ranar da na duba yankan marainansu jikina ya yi sanyi: zoben yana nan, tsakiya wayam, sai Sertoli da ƙwayoyin farko kwance a bango suna jira. Ba su mutu ba. Da aka mayar musu da bitamin ɗin sai suka tashi gaba ɗaya, duk bututun da ka duba mataki ɗaya yake.

A lafiyayyen ɓera wannan asid ba kullum yake da yawa ba, tasowa yake yi a kowane sashe na bututu duk bayan kwana 8.6, wajen mataki na bakwai da na takwas cikin matakai 12 na zagayen da kowane sashe ke maimaitawa. Da ya taso sai ƙwayoyin gadon STRA8 da KIT su kunnu. Ƙwayar da ta kunna KIT ta kama hanya, za ta yi ta rabuwa har ta kai ga rabuwar da ke mayar da kuromosom 40 zuwa 20.

Ɗalibar digiri na biyu ta sake rubutawa:

Na gode Malam, na gode Yaya, Allah ya ƙara basira. Amma nan ne fa na ƙara rikicewa. Ƙwayar tushe da wadda za ta tashi a bango ɗaya suke, wani lokaci ma kafaɗa da kafaɗa. Asid ɗin kuwa ba ya zaɓen wadda zai taɓa. Me ya sa bai kwashe su duka ba, kowane kwana takwas da 'yan kai?

Mai bincike kan ƙwayoyin tushe ya amsa:

Malama, kin kama bakin zaren. Saƙon yana isa ga kowa, amma ba kowa ke da kunnen jinsa ba. Ƙungiyar Shosei Yoshida da ke Okazaki a Japan ta nuna a 2015 cewa makarɓin asid ɗin, wato kunnen jinsa, RAR-gamma, yana fitowa ne a ƙwayoyin da suka riga suka kunna NGN3, alamar masu shirin tashi. Masu GFRA1 galibi ba su da shi, don haka asid ya zo ya wuce suna nan zaune. Da aka tilasta musu ɗaukar makarɓin, sai su ma suka tashi.

Ina so in ja hankalinki kan zanen da ke littattafai, na ƙwaya ɗaya, sai biyu a haɗe, sai sarƙar 4, 8, 16, kamar hanyar da ba a komowa. Tun 1971 yake, kuma ya yi amfani. Sai dai da su Yoshida suka ɗauki hoton maraina mai rai na tsawon kwanaki, sun ga sarƙar tana tsinkewa, guntayen suna komawa ɗaiɗai, suna ma yawo a jikin bangon. Idan magani irin busulfan ya kashe da yawa, waɗanda suka soma tafiya suna iya juyowa su cike gurbi. A 2019 kuma suka nuna cewa ƙwayoyin suna gasar cin furotin ɗin FGF da ke fitowa daga wajen bututu, kusa da jijiyoyin jini: in sun yi yawa rabon kowa ya ragu sai wasu su tashi, in sun yi kaɗan sai su ƙoshi su hayayyafa. Akwai masana da har yau suke ganin wasu 'yan ƙalilan ƙwayoyi masu furotin ɗin ID4 ne tushen gaske. Ni dai hujjar hoton mai rai ta fi kwanta min.

Ɗalibar digiri na biyu ta rubuta:

Yanzu na ga inda na yi kuskure: yankan gicciye kaɗai nake kallo, shi kuwa ba ya nuna sarƙa, sai dai ya yanke ta. Mako mai zuwa zan warware bututun in shimfiɗa shi a tsawonsa, in rina GFRA1 da launi ɗaya, KIT da wani, in ƙirga tsawon kowace sarƙa. Yaya, ke da kika saba da su, ɓera ɗan wata nawa kike ganin ya fi dacewa in fara da shi?