Tiyo, feleksibil ko mesa: wane suna za mu ba robar kwamfaresa?

Mai gareji, Garwa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa masu faci, makanikai da masu fenti. Robar nan da ke ɗauko iska daga kwamfaresa, wato injin matsa iska, zuwa bindigar kwance noti ko bindigar fenti, me za mu kira ta da Hausa? Nan Garwa, a Kamaru, wasu su ce tiyo, wasu feleksibil, duka biyun aron Faransanci ne. Abin da ya tada maganar shi ne, makon jiya na aiki yarona kasuwa na ce ya sayo tiyo mita 10. Mai shago ya yanko masa koren nan na ban ruwa, irin na lambu. Ba na nan ya ɗaure shi da waya ya tada inji. Allurar agogon tanki na kaiwa bar 8 (bar ma'aunin ƙarfin iska ne) sai abin ya tsage daga baki, ya shiga bulala a ƙasa yana tada ƙura, ya zane shi a ƙwauri. Allah ne ya tsare idonsa. Yaro bai yi laifi ba: tiyo na ce, tiyo ya kawo.

Mai faci, Kusuri:
Allah ya ƙara kiyayewa, maigida. Ni a ganina a ce tiyon iska, shi ke nan. Tiyo ya daɗe da zama ɗan gida.

Malamin koyar da sana'a, Marwa:
Muna da namu me zai kai mu aro? Bututun iska.

Mai gareji, Garwa:
Malam, bututu ai na ƙarfen nan ne da muke kafawa a bango, ba ya lanƙwasa. In na ce bututu, yaro wajen masu kayan famfo zai nufa. Tiyon iska kuwa ya fi, amma bakin mutane gajarta magana yake yi. Kwana biyu "iska" ta faɗi, mu koma gidan jiya.

Direban babbar mota, Injamena:
Mu da muke shiga Najeriya, mesa muke ji. Robar da ake jan mai ko ruwa da ita, mesa suke ce mata, sunan macijiyar nan. Larabawa ma daga jikin dabba suka samo mata suna, hurɗum, wato hancin giwa. Tun da a nan ba mu saba ce wa na lambu mesa ba, kalmar ba ta da kishiya. A ba ta aikin iska kawai.

Tsohon makanike, Injamena:
Ɗana, direba ya kawo magana. Wanda ya taɓa ganin ta ƙwace daga mahaɗi, wato rakor ɗin da ke jona ta da inji, da iska a cikinta ba zai yi gardamar sunan ba. Amma suna kaɗai ba zai cece ku ba, sai yaro ya san abin da zai karanta a jikinta.

Mesar kirki ana rubuta mata abu biyu: faɗin ciki da ƙarfin iskar da take ɗauka. Ku nemi mai bar 20, wanda wasu kamfanoni ke rubutawa PSI 300, domin bar 1 ya kai PSI 14.5. Yawancin kayan aikin iska a bar 6.3 aka gina su, kwamfaresar gareji kuma tana tsayawa a 8 ko 10, ka ga akwai rata mai kyau. In ba rubutu ko kaɗan a jiki, ajiye musu kayansu.

Faɗin ciki shi ne inda aka fi cutar mu, don ana auna bayan robar a ce ta yi kauri. Ramin ciki ake dubawa. Milimita 6 ta ishi hura ƙura da sa wa tayar mashin iska. Bindigar kwance notin mota kuwa milimita 10 take so, ta manyan motoci 13 ko fiye. Na ga mutum ya kai bindigarsa gyara sau biyu wai ba ta da ƙarfi, alhali siririyar mesa mai mita 20 ya jona mata. Allurar tanki na nuna 8, amma da ya danna sai bindiga ta yi tari ta tsaya, don iskar ta gaji a hanya. Duk tsawon da ka ƙara, ƙarfi kake ragewa. In dole sai doguwa, to ƙara faɗi.

Batun irin roba kuma, baƙar roba mai zare a ciki tana da nauyi amma tana jure ja a kan tsakuwa da baƙin mai. Ta filastik, wato PVC, tana da arha, sai dai zafin watan Afirilu na sa ta laushi, sanyin hunturu da asuba ya sandarar da ita ta ƙi miƙewa. Kada a bar kowace a rana.

Mai fenti, Garwa:
Baba, wannan mai nannaɗe ɗin nan da ke komawa da kanta in ka sake ta fa? Sifiral muke ce mata.

Tsohon makanike, Injamena:
In maciji ya naɗe ai gammo ya yi. Mesa mai gammo. Ta yi kyau a kan tebur, amma yawancinta siririya ce, kada ka ba ta aikin babbar bindiga. Kai mai fenti kuma ka riƙa buɗe ƙasan tanki kullum kana zubar da ruwan da ya taru, in ba haka ba ta cikin mesa zai bi ya ɓata maka fenti.

Mai gareji, Garwa:
Na gode, Baba, Allah ya ƙara girma. To mun tsaya a kan mesar iska. Ta nannaɗe mesa mai gammo, rakor ya zama mahaɗi, bututu ya zauna a bango. Na rubuta wa yaron a takarda: mesar iska, baƙar roba, ciki milimita 10, bar 20, mita 10, da mahaɗi biyu. Gobe tare za mu je, in nuna masa inda rubutun yake a jikinta.