Gwiwata ta dama na ciwo bayan atisayen hawa da sauka

Assalamu alaikum 'yan uwa. Mako uku ke nan ina bin bidiyon motsa jiki na hawa da sauka a YouTube, minti 20 bayan sallar asuba. Kafinta ne ya haɗa mini ɗan benci mai tsayin santimita 20. Haki ya ragu, alhamdulillahi, amma gwiwar dama na yi mini zogi in na sauko, har wajen sujada ina jin ta. Ga shi mai koyarwar fuskantata take yi, ta ɗaga dama ni in ɗaga hagu, sai rikicewa. Bencin ne ya yi tsayi, ko don ina yi a kan siminti ba takalmi? Don Allah a ba ni shawara.