Wai ƙara bas zai rage goslo a tsakiyar gari?

Sadiku: Jama'a ku zo mu duba maganar nan. Wata ƙungiya mai zaman kanta, irin waɗanda ba riba suke nema ba, tana ta tara sa hannun mutane wai a ƙara motocin bas kuma a ware musu layi ɗaya a manyan titunan tsakiyar gari, sun ce da an yi haka goslo zai ragu. Ni dai wallahi ban yarda ba. Titi mai layi uku ka ɗauke ɗaya ka ba bas, sauran motoci su matsu a biyu, ta ina cunkoso zai ragu? A faɗaɗa titi kawai.

Anti Rabi: Ƙanina tsaya ka leƙa cikin motocin da ke goslon da safe, yawanci mutum ɗaya ne a ciki, daga direba sai jakarsa a kujerar gefe. Bas ɗaya zai kwashe mutanen da suka cika titin nan gaba ɗaya.

Injiniya Nura: Sadiku faɗaɗa titin nan an gwada shi fa. A Houston ta Amurka sun faɗaɗa babbar hanyar Katy, aka gama a 2008, wani wurin layi ya haura 20, ba a yi shekaru da yawa ba goslo ya dawo, saboda da hanya ta buɗe wanda da yake fita da asuba don gudun cunkoso sai ya koma fita ƙarfe takwas, wanda yake bin wata hanya ya dawo nan, wanda bai da niyyar sayen mota ya saya, haka dai har ta sake cika. Amma Anti ke ma sai kin yi haƙuri, wannan dalilin shi ne yake cin bas ɗin ma. Duk wanda ya ajiye mota ya hau bas ya bar gurbi a titi, wani zai zo ya cike.

Sadiku: To ka gani, ashe ƙungiyar ba gaskiya take faɗa ba kenan

Zainab: A'a Yaya Sadiku kar ka yi saurin yanke hukunci. A 2003 ma'aikatan bas da jirgin ƙasa na Los Angeles sun yi yajin aiki na kwana 35, da aka bincika daga baya an ga jinkiri a manyan hanyoyi lokacin fita aiki da tashi ya ƙaru da kusan kashi 47 cikin ɗari. Kenan bas ɗin yana ɗauke wa titi nauyi sosai, ba a gani ne sai ranar da babu shi.

Injiniya Nura: Wannan haka yake Zainab. Ni abin da nake so ƙungiyar ta fito ta faɗa shi ne bas kaɗai ba ya isa. Ku dubi Stockholm ta Sweden, sun fara ƙara bas a 2005 motoci ba su wani ragu ba, sai da aka sa kuɗin shiga tsakiyar gari na gwaji a farkon 2006 sannan motocin da ke shiga suka ragu da kusan kashi 20, aka yi ƙuri'a mutane suka amince, ya zama na dindindin a 2007. Singafo tun 1975 take yin haka, Landan 2003.

Anti Rabi: Nan ne fa zan rabu da kai Injiniya. Kuɗin shiga gari ai mai hali ba zai ji komai ba, zai biya ya wuce, ƙaramin ma'aikaci da ya lallaɓa ya sayi tsohuwar mota shi za a kora. Ni na fi so a sa bas ya zama kyauta.

Zainab: Anti kyautar ma an yi, Tallinn ta Estoniya tun 2013 mazauna garin ba sa biya, amma da yawa cikin waɗanda suka ƙaru a bas ɗin masu tafiya a ƙasa ne da, masu mota ba su cika sauka ba. Mai mota lokacinsa yake ji, in zai tsaya a tasha rabin awa bai san yaushe bas zai zo ba, in ya zo a cike, kuma ya shiga goslo ɗaya da motar da ya bari a gida, me zai sa ya hau? Shi ya sa ni layin da suke nema ɗin nan ya fi min komai a takardarsu. Bogota ta Kolombiya ta yi a 2000, Darussalam ta Tanzaniya a 2016, bas na wucewa motoci na tsaye.

Sadiku: Motoci na tsaye fa kika ce. Kenan goslon yana nan.

Zainab: Yana nan ga wanda ya zaɓi mota, amma nas ɗin da za ta karɓi aikin safe a asibiti da ɗan makaranta sun fita daga cikinsa, kuma su ne suka fi yawa.

Anti Rabi: Ni dai zan sa hannu, amma in aka zo maganar kuɗin shiga sai na ga bas ɗin a ƙasa tukuna, yana zuwa a kan lokaci har unguwannin bayan gari.

Sadiku: Ni kuma sai sun gyara takardar, su daina yi wa masu mota alkawarin titi zai buɗe. Injiniya in za ka je taron nasu ka tambaye su wa zai hana ƙananan motoci shiga layin bas ɗin, don in ba kyamara ko shinge to fenti kawai za a ɓata.