Muhawara: Shin Lviv kyautar Stalin ce ga Yukiren?

Sani: Jama'a, ni dai na tsaya a kan cewa Lviv, hedikwatar jiharta a yammacin Yukiren, garin Polan ne da Stalin, shugaban Tarayyar Soviet, ya ƙwace ya miƙa wa Yukiren. Sarki Casimir na Polan ya kama shi a 1349, ya zauna hannun Polan har 1772. Shekara ɗari huɗu da ɗoriya ba wasa ba ce.

Malam Habu: Sani, daga tsakiya ka ɗauko labarin. Kafin Casimir akwai Danylo, sarkin Galicia (yankin da Lviv take), wanda ya kafa garin ya raɗa masa sunan ɗansa Lev. Tun 1256 aka ambace shi a rubuce. Yukiren kuwa tana ƙirga mutanen Danylo cikin kakanninta.

Sani: To Malam, ƙidayar 1931 fa? Kusan rabin mazauna garin 'yan Polan ne, Yahudawa kusan kashi ɗaya cikin uku. 'Yan Yukiren tsiraru ne.

Hajiya Rabi: A cikin birni ke nan. Ƙauyukan gabashin Galicia galibinsu manoman Yukiren ne, kuma a Lviv ɗin ƙungiyarsu ta yaɗa karatu, Prosvita, ta fara aiki a 1868, zamanin mulkin Austiriya. A Nuwamban 1918 har jamhuriya suka ayyana a can, sojojin Polan suka kore su cikin makonni uku.

Malam Habu: Amma mu yi wa Sani adalci. Sojojin Soviet sun shiga ne a Satumban 1939 bisa yarjejeniyarsu da Hitler, a taron Yalta kuma, 1945, Birtaniya da Amurka suka amince da iyakar da ta bar Lviv a hannun Soviet. Bayan yaƙi aka kwashe 'yan Polan, da dama suka koma birnin Wrocław na Polan. Wannan zalunci ne, ba sai an yi masa kwaskwarima ba.

Hajiya Rabi: Abin da ke damuna, kuna ta Polan da Yukiren, Yahudawan fa? 'Yan Nazi sun hallaka kusan dukkansu, a sansanonin Belzec da Janowska. Su ba wanda yake nema musu garin.

Sani: Hajiya, wannan gaskiya ne. Amma har yanzu ban ji wanda ya ƙaryata hannun Stalin ba.

Malam Habu: Ba mai ƙaryata shi. Sai dai Polan da kanta ce ƙasar farko da ta amince da 'yancin Yukiren a Disamban 1991, ta kuma sa hannu kan iyakar a 1992. Kai wa kake karɓar wa garin?