Tulu mai fuskar mutum: na Nok ne ko na ina?

Ɗan Gwanjo:
Salamu alaikum jama'a. Jiya wani direba da ke zuwa Yamai ya nuna min hoto a wayarsa: tulun yumɓu ne dogo, da kan mutum a samansa. Fuskar shafaffiya ce kamar faifai, hanci siriri, idanu 'yan mitsi-mitsi, ga zane a kumatu kamar tsagar gado. Wai na Nok ne, mutanen dā ɗin nan na tsakiyar Najeriya, dubu ɗari biyu zai sakar min. Ni dai harkata tsofaffin agogo da rediyo. Gaskiya ya faɗa?

Malamin Firamare:
Wa alaikumus salam. Anya kuwa, ɗan'uwa? Idon Nok ba ya ɓuya: faffaɗa ne mai kusurwa uku, da huda a tsakiya. Kuma Nok da mutum-mutumi aka san su, kamar kan yumɓun nan na yankin Jama'a a jihar Kaduna da wani ya kafa a gonar doya yana korar tsuntsaye, kafin ya kai ga Bernard Fagg, Baturen Ingila mai binciken kayan tarihi.
Abin da ka siffanta ya fi kama da na Bura, can wajen Tera a jihar Tillaberi ta Nijar. A 1975 aka ci karo da wurin, Boube Gado na Jami'ar Yamai ya haƙa shi a 1983, aka samu tuluna 630 jingim a ɗan fili guda. A kife suke, baki a ƙasa, wasu da kan mutum a sama, wasu har da mahayi a kan doki. Makabarta ce fa, ta mutanen da suka fara binne nasu a nan tun ƙarni na 3.

Hajiyar Maraɗi:
Subhanallahi! Wato alamar kabarin wani ake yi wa ciniki. Ɗana, ko kyauta ne kar ka kai shi gidanka.

Malamin Firamare:
Hajiya ta gama magana. Bayan an baje kolinsu a Faransa a 1993, 'yan haƙa suka yi wa yankin kaca-kaca, shi ya sa a 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta saka kayan Bura da na Nok a jerin waɗanda ake gargaɗi kan sayensu. In na gaske ne, na sata ne. In kuwa jabu ne, ka ba da dubu ɗari biyu a kan abin da aka gasa bara.

Ɗan Gwanjo:
To Malam, na gode. Dama na ga gindinsa ya yi tsaf da yawa. Bari ya dawo ranar Laraba in tambaye shi inda ya samo.